Mayar Da Hoto Mai Kala Baƙi Da Fari: Wace Hanya Ce Ta Dace Da Kai?

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton dogari ranar hawan sallah, ya koma gida ya cire wa hoton kala, zai gane abin da nake nufi. A fili, rigar nan ja da kore tun daga nesa take fizgar ido. Amma da zarar ka danna maɓallin baƙi da fari, sau da yawa sai ka tarar jan da koren sun narke sun koma toka iri ɗaya, kamar da yadi guda aka ɗinka rigar. Kyamararka lafiyarta ƙalau, hannunka ma bai yi kuskure ba. Manhaja ce ta zaɓar wa kowane launi irin tokar da zai koma, ba ta kuwa yi shawara da kai ba.

Duk hanyoyin da zan kwatanta a nan wuri ɗaya suka bambanta: wa ke yin wannan zaɓi, kai ko na'ura, kuma idan an yi shi ana iya warware shi ko ba a iyawa.

Kafin nan, ya kamata mutum ya san abin da ke cikin hoton da yake shirin taɓawa. Farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, wato sensa, ba ya ganin launi ko kaɗan, yawan haske kawai yake aunawa. Don a samu kala, sai aka lulluɓe shi da 'yan mitsi-mitsin matatai, ja da kore da shuɗi, bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya ƙirƙiro, aka yi masa rajista a 1976. A cikin kowane ɗigo huɗu, biyu kore ne, ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Daga nan kyamara ke lissafa wa kowane ɗigo lamba uku, ta ja da ta kore da ta shuɗi, kuma a hoton JPEG, wato irin fayil ɗin hoto na yau da kullum, kowace lamba tana tsakanin 0 da 255. Shi kuwa baƙi da fari lamba ɗaya tak yake bukata. Yadda ukun nan za su dunƙule su zama ɗaya, shi ne gaba ɗayan aikin.

Barin kyamara ta yi da kanta

Kusan kowace kyamara tana da wannan. Canon da Nikon suna kiransa Monochrome, Fujifilm kuma ta fito da nata mai suna Acros a 2016, wanda masu hoto da yawa ke yabo. Amfaninsa babba ne, kuma ba a cika faɗar sa ba: idan kyamararka irin marar madubin nan ce, tun kana leƙawa za ka ga duniya ba kala, idonka ya daina ruɗuwa da kyan atamfa, ya koma duba inda haske ya sauka da inda inuwa ta kwanta. Wanda ke koyo, wata guda a haka zai ƙaru fiye da yadda zai ƙaru da karatu mai yawa.

Haɗarinsa ma babba ne. Idan JPEG kaɗai kyamarar ke ajiyewa, kalar ta tafi ke nan har abada. Ka yi tunanin ka ɗauki biki a haka, washegari uwar amarya ta aiko tana son ganin kalar ankon da aka sha wahalar fitarwa. Ba ka da abin ba ta. Maganin abin sauƙi ne da shi: ka saita kyamarar ta riƙa ajiye RAW, wato ɗanyen fayil mai ɗauke da bayanan sensa yadda suke, tare da JPEG. Za ka ga baƙi da fari a fuskar kyamara, shi kuma RAW yana nan da kalarsa cif. A iPhone, matatan Mono da Silvertone da Noir ana iya cire su daga baya hoto ya dawo yadda yake. Kada ka ɗauka kowace waya haka take, ka gwada da hoto ɗaya tukuna kafin ka je wajen taro.

Hanyoyi biyu na danna sau ɗaya

Ta farko ita ce zuƙe kala, wadda Photoshop ke kira Desaturate. Lissafinta shi ne ta ɗauki lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta cikin ukun nan, ta haɗa su, ta raba biyu. Sai ka ga abin mamaki: tsantsar ja, tsantsar kore, tsantsar shuɗi, har da tsantsar ruwan ɗorawa, dukkansu toka ɗaya suke komawa, wajen 128. Alhali ko yaro ya san ruwan ɗorawa ya fi shuɗi haske nesa ba kusa ba. Shi ya sa hoton da aka yi wa haka yake fitowa lami, kamar miyar da ba gishiri. A cikin duk hanyoyin, wannan ce ba na ba kowa shawarar ya bi, sai dai in hoton dama can ba shi da wata kala ta a zo a gani, kamar bangon siminti ko ranar hazo.

Ta biyu ita ce Grayscale, kuma ta fi ta farko hankali domin tana kwaikwayon idon ɗan Adam. Idonmu ya fi jin kore, sannan ja, shuɗi ne na ƙarshe. Tsohon ma'aunin da aka gada daga talabijin yana ba kore kusan kashi 59 cikin ɗari, ja kashi 30, shuɗi kashi 11. Da wannan ma'auni tsantsar ja zai koma 76, kore 150, shuɗi 29, ruwan ɗorawa 226. Ka ga kowanne ya samu gurbinsa. A yawancin hotuna sakamakon yana da kyau daidai gwargwado, kuma ga takardu, ko hoton da za a buga a jarida, ko aikin gaggawa, ya wadatar.

To amma mu koma kan dogarinmu. Kayan da mutane ke sawa ba tsantsar launi ba ne. A ce jan rigar lambobinsa 200, 30, 30, koren kuma mai ɗan duhu ne, 0, 130, 60. Idan ka buga lissafin da ma'aunin ido, ja zai ba ka 81, kore ya ba ka 83. Tazarar biyu cikin 255, ido ba zai taɓa gani ba. Abin da ya fi ɗaure kai, a wannan hoton hanyar da na kushe ɗazu ita ce za ta raba su, domin za ta ba ja 115, ta ba kore 65. Wato babu wata hanyar danna sau ɗaya da za ka dogara da ita kullum. Kowacce da ma'auninta guda, ba ta san abin da ke cikin hotonka ba, ba ta san riga ce ke da muhimmanci ko fuska ko doki.

Akwai kuma wata illa ta Grayscale a Photoshop: tana zubar da bayanan kala daga fayil ɗin gaba ɗaya. In ka yi ajiya a kan na asali, ka rasa shi.

Rabon launi da hannu

Wannan ita ce hanyar da nake bi, kuma ita nake so mai karatu ya koya ko da da waya yake aiki. Maimakon ma'auni guda, sai a ba ka linzamin kowane launi, ka ja shi ya yi haske ko ya yi duhu. A Photoshop akwai tsohuwar Channel Mixer mai launi uku, sannan a 2007 aka ƙaro Black & White mai launi shida. Manhajar Lightroom tana da takwas, kuma a cikinsu akwai ruwan lemo shi kaɗai, wanda nan gaba za ka ga dalilin da ya sa yake da daraja. Manhajar GIMP tana da Mono Mixer. Snapseed ta waya ba ta ba ka linzami ɗaya-ɗaya, amma tana da matatan launi, ja da ruwan lemo da ruwan ɗorawa da kore da shuɗi, waɗanda ke yin kusan wannan aikin a dunƙule.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Masu hoton zamanin fim suna ɗaura gilashi mai launi a bakin kyamara, kuma ƙa'idar ɗaya ce: gilashi yana haskaka launinsa, ya duhunta kishiyarsa. A 1927, Ansel Adams ya tsaya gaban dutsen Half Dome a gandun Yosemite na Amurka, ya fara ɗauka da gilashin ruwan ɗorawa, ya ga ba zai ba shi abin da ke ransa ba, sai ya sa ja mai duhu a farantinsa na ƙarshe, sama ta fito kusan baƙa ƙirin, dutsen ya tsaya da kwarjini. Su a wancan lokaci sai sun zaɓa kafin su danna, kuma jan gilashi yana cinye haske har sai an ninka shi wajen sau takwas. Mu yanzu muna zaɓa bayan an gama, muna zaune, mu gwada goma mu ɗauki ɗaya.

Da wannan hanya matsalar dogari minti ɗaya ce. Ka ɗaga ja, ka sauke kore, rigar ta dawo da zanenta. Ko ka yi akasin haka. Wanne ya fi? Ya danganta da abin da ke bayansa: in bangon fada ne mai duhu, jan da ya yi haske zai fito da mutumin, in farar ƙura ce ta tashi, gara ka duhunta.

Inda aikin yake bukatar natsuwa shi ne fata. Fatar mutum, baƙi ne ko fari, yawancin haskenta a ɓangaren ja da ruwan lemo yake. Idan ka ɗaga su, fuska za ta yi haske ta yi sumul, ƙuraje da tabo su ɓuya. Idan ka karkata ga shuɗi, fuska za ta yi duhu, kowane ƙurji da kowace tamoji su fito. Ga dattijo mai furfura wanda shekaru suka yi wa zane a goshi, ɗan karkata ga kore ko shuɗi yana fito da tarihin da ke fuskar. Ga amarya kuwa, ba wanda zai gode maka.

Amma a nan ina da magana da 'yan'uwana masu hoto. Linzamin ruwan lemo yana da daɗin ja, kuma da yawa suna jan sa har baƙar mace ta koma kamar wadda ta yi shekara tana shafe-shafe. Wannan ɓata hoto ne, kuma rage wa mai hoton daraja ne. Baƙar fata a baƙi da fari tana da wani sheƙi a goshi da kunci da karan hanci wanda babu kamarsa, kuma duhun da ke kewaye da sheƙin shi ke ba fuska siffarta. Ka duba ayyukan Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, ko na Malick Sidibé, wanda aka ba lambar Zinaren Zaki a bikin fasaha na Venis a 2007. Mutanen da ke hotunansu baƙaƙe ne, an bar su a baƙaƙensu, kuma ga kowane layi na fuska a bayyane. Keïta ma yakan zaunar da mace mai atamfa a gaban wani zanen mai ado, ado kan ado, amma ba ta ɓace a ciki ba. Ni abin da nake yi, ina ɗaga ruwan lemo kaɗan kawai, daidai yadda idanu da gefen fuska za su fita daga inuwa, sauran gyaran kuma in yi shi a wurin da ke bukata kaɗai, ba a fuskar duka ba.

Lalle ma yana da tarkonsa. Baƙin lalle ba ya ba da wahala. Jan lalle kuwa ɗan gidan su fata ne a wajen launi, don haka duk lokacin da ka ɗaga ja don fuska ta yi kyau, zanen da ke tafin hannu yana dusashewa. A nan ne Lightroom ta fi sauran, tunda ta raba ja da ruwan lemo: ka bar ruwan lemo ya riƙe fata, ka sauke ja kaɗan zanen ya fito. Da matatar Snapseed, kore ya fi ja dacewa da hoton hannun amarya.

Shuɗi kuma a bi shi a hankali. Kashi ɗaya cikin huɗu na ɗigon sensa ne kawai ke karɓar sa, kuma a ƙarƙashin fitila mai ja-ja ko cikin ɗaki mai duhu shi ne ya fi kowanne yashi-yashi. Wanda ya ɗauki hoto a marinar Ƙofar Mata zai so ya ɗaga shuɗi don adon rinin ya fito daga cikin duhun baba, kuma daidai ne, amma ya faɗaɗa hoton ya duba, domin yashin yana biyo hasken. Haka nan wajen duhunta sama. Da damina, lokacin da sama ke shuɗiya ga gajimare fari fat, sauke shuɗi yana ba da hoto mai ban sha'awa. In ka wuce gona da iri, wani farin zare zai bi gefen hasumiya ko ganyen bishiya, wanda ke tona asirin gyaran. Da hunturu kuwa kada ka wahalar da kanka, hazo ya riga ya shanye shuɗin, babu abin da linzamin zai kama. Hoton hazo kyansa a laushinsa yake, a bar shi haka.

Illar wannan hanya ɗaya ce, tana cin lokaci. Wanda ya dawo daga biki da hoto ɗari biyar ba zai zauna yana jan linzami takwas a kan kowanne ba. Abin yi shi ne ka gyara ɗaya, ka kwafa saitin zuwa sauran da aka ɗauka a haske iri ɗaya, sannan ka bi fitattun da hannu.

Akwai kuma shiryayyun salo, irin waɗanda ake dannawa hoto ya fito kamar na fim ɗin da. Ɗaya daga cikin fitattu ita ce Silver Efex ta kamfanin Nik, wanda Google ya saya a 2012, ya mayar da manhajojin kyauta a 2016, kafin DxO ya karɓe su a 2017 ya koma sayarwa. Tana da kyau ƙwarai, kuma a ƙarƙashinta rabon launin nan ne dai ake yi, an ƙara da ƙwayar fim da duhun gefe. Matsalar shiryayyen salo, musamman na manhajojin waya, yawancinsu suna tsananta bambancin haske da duhu. A fuskar baƙin mutum sanye da farar shadda, wannan yana nufin fuska ta toshe, aikin wuyan riga ya ƙone ya zama fari fat. Ka ɗauke su a matsayin mafari, ka gyara daga nan.

Irin fayil ɗin da ka fara da shi

Wannan yana iya rinjayar duk abin da na faɗa a sama. JPEG matakin haske 256 gare shi a kowane launi. RAW mai bit 12 yana da 4,096, mai bit 14 kuma 16,384. Lokacin da kake jan linzami da ƙarfi, kana miƙa waɗannan matakai ne kamar roba. In sun yi kaɗan, sai sama ta fito layi-layi maimakon ta sauka a hankali. Ƙari a kan haka, JPEG yakan rage bayanan kala fiye da na haske don fayil ya yi ƙanƙanta, tunda ido bai cika lura ba. Amma rabon launi da waɗannan bayanan da aka rage yake aiki. Shi ya sa hoton da ya bi ta WhatsApp sau biyu ko uku, in ka matsa masa, sai ka ga 'yan murabba'ai sun fito a fuska da gefen kaya. Ga irin wannan hoton, Grayscale ta fi aminci, domin ta dogara ne da hasken da bai lalace sosai ba. In wani zai turo maka hoto don ka gyara, ka ce ya turo shi a matsayin fayil, kada ya turo ta hanyar hoto ta yau da kullum.

Wayoyi da dama yanzu suna ɗaukar RAW, galibi da sunan DNG, a sashen ƙwararru na kyamararsu. Yana cin wuri, amma ga hoton da ka san za ka mayar baƙi da fari, ya cancanta.

Za ka ji labarin kyamarorin da aka cire wa matatan Bayer gaba ɗaya, ba sa ɗaukar kala sam, irin su Leica M Monochrom ta 2012 da Pentax K-3 Mark III Monochrome ta 2023. Wayar Huawei P9 ta 2016 ma tana da ido na biyu irin wannan. Hotonsu ya fi tsabta da kaifi, musamman a duhu. Sai dai da su babu linzamin da za ka ja daga baya, dole ka koma ɗaura gilashi kamar mutanen da, ga kuma tsada. Ga mai neman abinci da hoton biki da suna, ba nasa ba ne.

To wa ya kamata ya ɗauki wacce? Mai waya wanda ke son hotonsa ya yi kyau a Instagram, Snapseed ta ishe shi, kyauta ce, ya dai saba da gwada matatan launin nan biyar kafin ya ajiye. Mai sana'a wanda ke da hotuna da yawa kuma fuskokin mutane ne jarinsa, Lightroom da RAW, saboda linzamin ruwan lemo da sauƙin kwafa saiti. Ya dai san cewa tun 2013 Adobe ta koma karɓar kuɗin Photoshop wata-wata, Lightroom ma daga baya ta bi sahu. Wanda wannan biya ya yi wa nauyi, darktable da RawTherapee kyauta ne, suna karanta RAW, suna rabon launi yadda ya kamata, sai dai koyonsu na bukatar haƙuri. Photoshop ko GIMP sai ga hoto ɗaya da kake son ka zauna a kansa, ka gyara fuska daban, riga daban, sama daban. A Photoshop ka yi gyaran a shimfiɗa ta daban a saman hoton, yadda na asali zai zauna ba a taɓa shi ba.

Saura wanki. Yawancin injinan wankin hoto da takardar kala suke aiki, ko da hoton baƙi da fari ne, shi ya sa wani lokaci za ka karɓo shi ka ga ya ɗan yi kore-kore ko ja-ja. Ka kai musu fayil ɗin a tsarin launi na sRGB, domin shi injinan suka fi ganewa. Fuskar waya da ta kwamfuta kuma haske suke fitarwa, takarda kuwa ba ta da nata, saboda haka inuwar da kake ganin komai a cikinta a waya tana iya toshewa a takarda, kuma baƙar fuska ce ke fara shan wahalar wannan. Kafin ka biya kuɗin babban allo, ka sa a wanke maka ƙarami mai inci 4 da 6, ka fita da shi waje ka duba a hasken rana. In fuskar ta nutse, ka koma ka buɗe inuwar kaɗan, a sake wanke wani ƙaramin, sannan a yi babban.